Santimita uku tsakanin ƙafa da ƙasa

A kan kwalta cikin garin Mubi, gajeren mutum kan iya lallaɓawa da babur mai tsayi. A Muchalla kuwa, gundumar da ke Mubi ta Arewa a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru, wurin tsayawa ba kasafai yake zama shimfiɗaɗɗe ba. Nan ne lissafin tsayi yake zama batun lafiyar ƙashi.

Yawancin ƙananan baburan da ake hawa a ƙasar nan, irin su Boxer da roba-roba, kujerarsu tana tsakanin santimita 75 zuwa 80 daga ƙasa. Ƙafar mutum kuma, daga matsematsi zuwa diddige, kusan kashi 45 cikin 100 ce na tsayinsa. Mai tsayin santimita 160 ke nan yana da ƙafa wajen 72. Idan ya hau kujera mai 78, nauyinsa zai danne shokazoba da kamar santimita 3, ta dawo 75. Saura 3 bai kai ƙasa ba, sai da yatsu.

Waɗannan ukun ma ba su ne duka ba. Kujera mai faɗi tana buɗe cinyoyi, ƙafa ta sauka a karkace, ta rasa wani tsayin. Sai kuma gangare: a inda ƙasa ke zamewa santimita 10 a kowace mita, ƙafar da ta sauka santimita 35 daga tsakiyar babur za ta tarar ƙasa ta yi nisa da wasu 3 da rabi. Giɓin ya ninka ke nan. Ga babur mai kilo sama da 100, ga buhun masara a baya. Da zarar ya fara kwantawa, yatsu ba za su tare shi ba.

Daga ina za a samo santimitocin? Ni dai ina ganin a fara da soso. Mai gyaran kushin zai iya rage santimita 2 zuwa 3 daga saman kujera, ya kuma fiƙe gefunan gaba kusa da tanki, inda cinya ke sauka. Fiƙe gefen nan sau da yawa ya fi rage sama amfani, kuma bai taɓa komai a tafiyar babur ba. Kada dai a rage har mazauni ya riƙa jin ƙarfe.

Hanyar da ta fi jan hankalin matasa ita ce sa gajeren shokazoba, ita ce kuma ta fi tsada a kan dutse. Tsakanin cikin injin da ƙasa ratar ba ta wuce santimita 16 zuwa 18 ba a irin waɗannan babura. Duk abin da aka cire daga shokazoba yana rage wannan ratar, sai inji da salansa su fara dukan duwatsu, taya ta goga jiki idan an yi lodi. Jak ɗin gefe ma zai yi tsawo, babur ya tsaya a miƙe, iska kaɗan ta kayar da shi.

Takalmi mai kaurin tafi yana ƙara santimita 2 ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Bayan haka bakanike ya sassauta kan babur ya karkato shi baya kaɗan, ya daidaita hannun burki da na kulochi yadda yatsu za su kama su ba tare da miƙa kafaɗa ba.