Furanni, Kalandar da Ba Ta Bukatar Bango

Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato daga Kwangila, ya ratsa Hanwa ya nufi Samaru, yakan wuce itatuwa da yawa ba tare da ya ɗaga kai ba. Alhali kuwa da zai lura da su tsawon shekara guda, da ya tarar kowanne na da watan da yake fure, ba ya cika saɓawa. Wannan jeri na furanni ilimi ne, kuma ɗalibin sakandare na iya tattara shi da wayar da ke aljihunsa.

Mu fara da hunturu. Mutum zai zaci lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, ƙura ta turnuke, babu abin da zai yi fure. Sai ga shi a watannin Disamba da Janairu ne gurjiya ke zubar da ganyenta ta fito da jajayen furanni a kan rassa tsirara. Rimi, wanda Zazzau ta yi suna da shi, a nan yake buɗe nasa da dare, jemagu su zo shan ruwan zaƙinsa su kwashi garin fure zuwa wani rimin. Mangwaro ma a wannan tsakani yake huda. A gidajen Hanwa da na ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, bugambiliya ce ke rufe katanga da ja da shuɗi-shuɗi da ruwan goro. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an kuma raɗa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville, wanda ya kewaye duniya tsakanin 1766 da 1769. Mai karatu ya matsa kusa da ita ya duba: abin nan mai launi ganye ne da ya rikiɗa, furen ainihi ɗan ƙarami ne fari a tsakiya.

Da zafin bazara ya kama, sai tutun ɗorawa ya rinƙa reto, marga ta yi rawaya. Wajen Afrilu zuwa Mayu, gab da saukar ruwa, itacen nan Delonix regia, ɗan asalin tsibirin Madagaska, yakan yi jawur kamar an cinna masa wuta. Ruwan farko na taɓa ƙasa sai albasar kwaɗi ta ɓullo daga inda ta kwanta tun bara. Cikin damina kuka na sakin fararen furanninta da almuru, su yi yaushi kafin washegari ta yi nisa, gatarin kurege na hawan shinge, bado kuma ya shimfiɗu a kan kududdufai. Da kaka sai yakuwa ta yi fure ta ɗaure zoɓo, gawo kuma, wanda ya yi damina ba ganye, ya fara tofo.

To, yaya tsiro ke sanin lokaci? Hanyoyi biyu ne suka fi fitowa fili a ƙasarmu. Ta farko ruwa ne: wasu tsirrai ƙishirwa ce ke tunzura su su yi fure, shi ya sa bugambiliyar da aka cika wa ban-ruwa takan yi ganye lif, fure kaɗan. Ta biyu tsawon yini ne. A 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa wata irin taba da waken suya ba sa fure sai yini ya gajarce. Daga baya aka gano tsawon daren ne tsiron ke aunawa. A Zariya bambancin bai taka kara ya karya ba: yini mafi tsawo, a Yuni, kusan awa 12 da minti 45 ne, mafi gajarta kuma, a Disamba, kimanin awa 11 da rabi. Duk da haka yakuwa da dawa na gane shi. Binciken da aka yi a Samaru cikin shekarun 1960 ya nuna dawar gargajiya ta kowane yanki na fid da kai ne daidai ƙarshen daminar wurin, ko da an yi sammakon shuka ko an makara.

Nan ne hoto ya shigo. Tunanin ɗan Adam na mantuwa, amma hoton da ke ɗauke da kwanan wata shaida ne, kuma gani ya kori ji. A birnin Kiyoto na Japan akwai bayanan ranar furen ceri tun ƙarni na 9, a Ingila kuma wani mai suna Robert Marsham ya fara rubuta irin wannan a 1736, zuriyarsa ta ci gaba har 1958. Da waɗannan ne masana suka tabbatar furanni na sammako a can saboda ɗumamar yanayi. Idan muna son sanin ko gurjiyar Samaru ma ta canja lokacinta, dole wani ya fara ajiye shaida yau, tun ba a sare itacen an kafa shago a gurbinsa ba.

Aikin ba shi da wuya. Ɗalibi ya zaɓi itatuwa uku ko huɗu da ke kan hanyarsa ta makaranta, ya ɗauke su hoto rana ɗaya a kowane mako, daga wuri ɗaya. Kowanne a yi masa uku: itacen gaba ɗaya, reshe da ganyensa, sannan furen daga kusa, da rula a gefe don a san girmansa. Hasken safe da na bayan la'asar ya fi, domin ranar tsaka na ƙone launi ta kuma jefa inuwa mai kauri. Hazon hunturu na tausasa haske, sai dai a riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Idan iska na kaɗa furen, a jira ta lafa. Idan zuma ko malam-buɗe-littafi ya sauka, kada a kore shi, domin shi ma rabin labarin ne. A kuma tabbatar agogon wayar daidai yake, tunda shi ke rubuta kwanan wata a cikin hoton.

Gargaɗi ɗaya: a kalla da ido, kada a tsinka. Ƙaron kariya, duk da kyan furenta, dafi ne da aka sani tun zamanin kibiya, gatarin kurege ma guba ne daga saiwa har fure.

Ga malamanmu kuwa, littafi ɗaya mai kauri a ɗakin gwaje-gwaje ya isa. A rubuta sunan itace na Hausa da na kimiyya, da ranar furen farko, da ranar da ya cika, da ranar da ya kaɗe, 'yan aji su miƙa wa na bayansu. In aka sami itacen da sunansa ya gagara, ana iya kai hotonsa lambun tsirrai na jami'a a Samaru a nemi taimako. Makarantar da ta jure shekara goma a kan haka za ta mallaki abin da ba a saye a kasuwar Sabon Gari.