Kafin ka tura wa yaro kuɗin waya a Mubi saboda JAMB

Duk wanda ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, iyali kuma suna Mubi, ya san wannan kiran: "Baba, a turo min kuɗin babbar waya, JAMB ta matso." Uba ya matse aljihu ya tura, yana ganin ya sauke nauyi. Sakamako ya fito maki bai kai ba, sai a ce kwamfuta ce ta cuci yaron.

Wani lokaci hakan na faruwa. A 2025 tangarɗar na'ura ta sa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas suka sake zama, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa. Amma galibi matsalar tana wani wuri.

Tun 2015 JAMB ta bar takarda da fensir ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma duk mai son shiga Poly ta Tarayya da ke Mubi, ko Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a garin a 2002, ta wannan ƙofar zai bi. Sai dai sarrafa na'urar abu ne na kwana biyu: A, B, C, D na amsa, N ka yi gaba, P ka dawo baya. Abin da ba a koya a mako guda shi ne karanta tambaya da Turanci a gane ta nan take. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace.

To ta yaya abu ke zama a kan mutum? Mu da muka yi makarantar allo mun san hanyar, ko da ba mu san sunanta ba. Malam ya biya maka, ka yi ta maimaitawa, sannan ka kife allon ka kawo hadda da ka. In ka kauce, a take ya gyara maka. Ba a wanke allo sai ka iya, bayan an wanke kuma ga tilawa tana jiranka. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa a kwanakin farko in bai waiwaye shi ba. Masu bincike na baya suka ƙara da cewa ƙoƙarin tuno abu da ka ya fi sake karanta shi kama ƙwaƙwalwa. Gaskiya hadda daban, fahimta daban, kuma JAMB tana son duka biyun. Amma ko yaron da ke koyon gyaran waya a kasuwar Mubi haka yake koyo: ya kwance, ya ɓata, oga ya duba ya ce sake.

Nan ne waya ke yaudara. Yaro zai kalli bidiyon lissafi na awa guda, komai na tafiya sumul, ya tashi yana jin ya iya. Miƙa masa biro ka gani. Inda wayar ke da amfani sosai shi ne manhajar tsofaffin tambayoyi, domin tana tilasta shi ya amsa, ta kuma nuna masa kurensa a take. Wanda karatun Turancinsa bai zauna ba kuwa, ko ita ba za ta cece shi ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci dubbai ɗaruruwa, binciken da ya fito a 2012 ya tarar yaran sun iya latsa na'ura, amma lissafi da karatunsu suna nan inda suke.

Adamawa ma ta ga nata. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, makarantu suka rufe, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru. Bayan haka Jami'ar Amurka da ke Yola ta gudanar da shirin TELA, inda ake koyar da karatu da lissafi ta rediyo. Ba a bar yaran da akwatin rediyo su kaɗai ba: tara su ake yi wuri ɗaya, da babba a zaune yana bi da su darasin.

Saboda haka in kuɗin ba su da yawa, ni dai a ganina a raba su: wani kaso ga malamin lesin da zai riƙa duba aikin yaron, wani na zuwa shagon kwamfuta sau uku ko huɗu ya gwada hannunsa da agogo na tafiya, saura a yi maganar waya da data da caji. In kun yi waya da daddare kuma, ka ce ya rufe littafin ya yi maka bayanin abin da ya karanta jiya, da Hausa ko da Fillanci. Ko ba ka yi boko ba za ka ji inda yake in-ina.