Abin da ya kamata ku sani game da waƙoƙin makoki na Kirista

Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ya kuma san masu jinya a can daga ko'ina suke. Akwai Kiristocin Sabon Gari, akwai Hausawa Kirista daga ƙauyukan Kano da Katsina. Idan aka yi musu rasuwa, wani lokaci sai ka ji dangi sun ɗauki waƙa a hankali, hawaye na zuba. Musulmin da ya saba da salati da addu'a a irin wannan lokaci yakan yi mamaki. Waƙar nan ibada ce, kuma da yawa daga cikin irinta an rubuta su ne a tsakiyar bala'i.

Tushen abin yana cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura tana da waƙoƙi 150, masana kuwa suna lissafa kusan kashi ɗaya cikin uku a matsayin koke: mai waƙa ya kai wa Allah kukansa, ya faɗi abin da ya same shi ba tare da rufa-rufa ba, sannan ya koma ga dogara. Akwai kuma Littafin Makoki mai sura 5, wanda aka saba danganta wa Annabi Irmiya, kan rushe Urushalima da sojojin Babila suka yi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa.

Cikin marubutan da suka zo daga baya, labarin Horatio Spafford ya fi kowanne taɓa zuciya. Lauya ne a birnin Chicago na Amurka, gobarar 1871 ta cinye masa dukiya. A Nuwamba 1873 ya tura matarsa Anna da 'ya'yansu mata huɗu Turai a jirgin ruwa mai suna Ville du Havre, da nufin ya biyo su daga baya. Jirgin ya yi karo da wani a tekun Atlantika ya nutse, mutum 226 suka mutu, har da yaran duka huɗu. Anna kaɗai aka ceto a cikin iyalin. Bayan wannan ne Spafford ya rubuta waƙar da ke cewa ransa a natse yake duk da abin da ya faru. Philip Bliss ya sa mata kiɗa a 1876, ya raɗa wa kiɗan sunan jirgin, kuma a ƙarshen Disambar wannan shekara shi da matarsa suka rasu a hatsarin jirgin ƙasa a jihar Ohio.

Martin Rinkart fasto ne a garin Eilenburg na Jamus lokacin Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648. A annobar 1637 ya binne dubban mutane, har da matarsa, amma waƙarsa da ta shahara ta godiya ce. Thomas Dorsey, baƙar fatan Amurka, ya yi tasa a 1932 bayan matarsa Nettie ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma ya bi ta. A ganina wannan ne dalilin da ya sa waƙoƙin suka daɗe: mai makoki yana jin muryar wanda ya riga shi shan irin wannan ɗaci.

Mishan ne suka kawo irin waɗannan waƙoƙi ƙasar Hausa. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, yana kuma cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932. An fassara waƙoƙin Turawa da dama aka tara su a Littafin Waƙoƙi, wanda ikilisiyoyi irin su ECWA ke amfani da shi har yau. Sai dai fassara takan yi faɗa da karin sautin Hausa, shi ya sa waƙoƙin da 'yan Zumuntar Mata na ikilisiyoyi ke tsarawa da kansu, da tulu da ganga, suka fi zama a baki.

Kuma sun sami dalilin tsara su. Kano ba ta manta da hare-haren 20 ga Janairu 2012 ba, ko harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu na shekarar, ko bam ɗin tashar motar Sabon Gari a Maris 2013, ko na Babban Masallacin Juma'a a Nuwamba 2014. A gabas kuwa, akasarin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN, kuma a 2015 mawaƙan Zumuntar Matan wannan ikilisiya suka zaga Amurka suna rera waƙoƙinsu, da yawa da Hausa.

Marsiyyoyin Nana Asma'u sun iso gare mu da sunanta domin an rubuta su an adana. Waƙoƙin matan nan kuwa suna yawo ne daga taro zuwa taro, daga waya zuwa waya, galibi ba wanda ke ambaton wadda ta tsara. Shugabannin ikilisiya da ɗaliban Hausa na jami'o'inmu, ku je ku naɗi waƙoƙin nan, ku rubuta sunan kowace mai waƙa da garinta da abin da ya sa ta yi, tun masu su suna raye.