Haƙorin Ƙarfe: Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Tirela a Zangon Kwatano

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman na yau yana zuwa muku ne daga unguwar Zango da ke birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, inda kiran salla daga babban masallaci ke haɗuwa da ƙarar baburan zemijan masu rigar ɗorawa, inda kuma Bakano da Bakatsine da mutumin Maraɗi da na Gaya ke shan shayi a benci ɗaya.

Duk wanda ya taɓa rakiyar dattijo sayen ragon layya ya san abu guda. Mai rago zai yi ta zuba, ya ce shekararsa biyu, ya ce kiwon gida ne, ya ce da dusa da harawa aka tashe shi. Dattijo ba zai ce uffan ba. Sai ya durƙusa, ya kama haɓar ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Abin da haƙori ya faɗa, shi ne magana. To, yau za mu buɗe bakin ƙarfe ne. Za mu ga inda haƙorin tsohuwar tirela yake, da yadda ake gane ƙirarta da shekarar da ta fito daga kamfani.

(Kiɗa)

Mu fara da sunan unguwar. Zango shi ne masaukin ayari. Fataken da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro, suna ratsa Borgu ta Nikki da Djougou, a zango suke sauke kaya, a ɗaure jakuna, a kafa bukkoki. Abin mamaki, irin tirelar nan da Turawa ke ɗaurawa a bayan mota, mai gado da murhu da kabad a ciki, da Faransanci sunanta karaban, ma'ana ayari. Bahaushe kuwa ya riga ya yi mata suna tun kafin wayar salula ta ƙwace shi: tafi-da-gidanka. Idan irin wannan ɗaki mai taya ya faɗo hannun ɗan Zango, ai gida ya zo.

Ta ina take zuwa? Ta hanyar da sauran ƙarafa ke bi. Tashar jiragen ruwan Kwatano, wadda aka buɗe a 1965, ta daɗe tana karɓar motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, da yawansu daga tashar Antwerp ta Beljiyam. Daga nan a kwashe su zuwa manyan filayen sayar da motoci na Sekandji, kan hanyar Porto-Novo da iyakar Seme. Har ta kai a Kano in aka ce mota 'yar Kwatano ce, ko 'yar Beljiyam, kowa ya san nufi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. A cikin wannan ambaliya akan sami tirelar kaya, da ta firij, da kuma jefi-jefi tafi-da-gidanka, wadda a nan takan ƙare a matsayin shago, ko ofis a wurin gini, ko ɗakin maigadi.

Matsalar ita ce, tirela ba ta da inji, ba ta da agogon kilomita. An wanke ta, an watsa mata sabon fenti, sai ta fito kamar amarya. Dillali ya ce maka wata tsohuwar Baturiya ce ta ajiye ta a gareji, sau biyu kacal ta fita da ita. Kai dai ka yi murmushi, ka nemi tocila da tsumma da ɗan sanfefa, ka durƙusa.

(Kiɗa)

Haƙori na farko shi ne lambar shasi. A tafi-da-gidanka, ka dubi ƙarfen nan mai kama da cinyoyi biyu da ke haɗuwa a gaba, inda ake maƙala ta da mota. Yawanci a ɓangaren dama za ka ga an buga lambar a jikin ƙarfen, sannan ga ɗan farantin kamfani a kusa, ko a gefen ƙofa, ko cikin akwatin tukunyar gas. Abu na farko, ka ƙirga. Idan haruffa da lambobi 17 ne cif, to kana hannun tsarin zamani, wanda Amurka ta wajabta tun daga ƙirar 1981, Turai ma ta bi. Idan lambar gajera ce, biyar ko bakwai ko tara, akwai alamar abin ya girmi wannan tsari, lokacin da kowane kamfani ke rubuta lambarsa yadda ya ga dama.

A cikin 17 ɗin nan, uku na farko su ne asali, kamar zanen fuska a zamanin da. Wadda ta fara da W daga Jamus take, J daga Japan, VF daga Faransa, 1 ko 4 ko 5 daga Amurka, 2 daga Kanada. Masu sayen mota sun san VF3 Peugeot ce, VF1 Renault, WDB Mercedes. Masu manyan motoci da ke hawa arewa ta Parakou zuwa Malanville sun san XLR DAF ce, WMA kuma MAN, bodin tirela mai WSM na kamfanin Schmitz ne. Kuma ku riƙe wannan: haruffa uku, I da O da Q, ba sa shiga lambar shasi sam, don kada a rikita su da 1 da 0. Idan ka gan su a takarda, ko dai marubuci ya yi kuskure, ko kuma wani ya yi wayo bai iya ba.

Sai harafi na goma, wanda ake ta cacar baki a kansa. A abin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, shi ne shekara. A na nufin 1980, B 1981, haka ake tafiya har Y da ke nufin 2000, ana tsallake I da O da Q da U da Z. Daga 2001 zuwa 2009 sai a koma lambobi, 1 zuwa 9. A 2010 kuma aka sake dawowa kan A. Kun ga tarkon? Harafin A zai iya zama 1980, zai iya zama 2010, tazarar shekara 30 ke nan, uba da ɗa suna amsa suna ɗaya. Sai ka haɗa da ido: kujeru da fitilu da kayan ciki za su faɗa maka wanne ne.

Tarko na biyu ya fi kama mutane. Kamfanonin Turai ba a tilasta musu sa shekara a wannan gurbi ba. Volkswagen na sawa. Tsofaffin Peugeot da Mercedes na kasuwar Turai ba haka suke yi ba. A tsohuwar Mercedes, lambobi uku da ke bin WDB su ne ke faɗar zuriya: 123 ita ce wadda aka fara a 1976, 201 ita ce 190 ɗin da ta fito a 1982, 124 kuma ita ce wadda 'yan Najeriya ke kira bi-but. Saboda haka duk wanda ya ƙirga maka harafi na goma a kan tsohuwar motar Faransa ya yanke maka shekara, ya karanta maka wasiƙar wani ne.

(Kiɗa)

Malamai sun ce ba a yanke hukunci da shaida guda. To, mu kira sauran shaidu.

Shaida na biyu, taya. A gefenta akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2309, mako na 23 ne na 2009. In lambobi uku ne, tayar ta girmi 2000. Tayoyin ƙasa ana canza su, amma safaya takan zauna shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, don haka ita ce tsohuwar gidan da ta san labari.

Shaida na uku, kayan ciki. Ja firij ka leƙa farantinsa, ka duba na murhu da na'urar ɗumama ɗaki, da kan tukunyar gas, da farantin aksul na kamfanoni irin su AL-KO ko BPW. Da yawansu suna ɗauke da shekarar ƙira. Firij mai sunan Electrolux ya girmi mai sunan Dometic a karaban ɗin Turai, domin a 2001 ne sashen Dometic ya rabu da uwar kamfanin, Electrolux. A tirelar Amurka, murfin fitilun baya yakan ɗauki rubutun SAE da lambobi biyu na shekarar da aka tsara fitilar. Wannan ba ranar haihuwar tirela ba ce, amma in fitilar ta asali ce, tirelar ba za ta girme ta ba. Idan kuma daga Ingila ta fito, ka dubi tagogi: tun 1992 ake zana lambar nan mai 17 a jikinsu ƙarƙashin tsarin rajista na CRiS. Taga ɗaya ta saɓa wa sauran, an canza ta. Duka sun saɓa wa shasi, ka tashi ka kaɗe rigarka.

Shaida na huɗu, siffa. Yadda makiyayi ke hango saniya daga nesa ya ce wannan bunaji ce, waccan rahaji, haka masana ke gane tirela. Airstream ta Amurka, wadda Wally Byam ya kafa kamfaninta, jikinta farin alminiyam ne mai sheƙi kamar jirgin sama, kuma ƙirarta mai suna Clipper ta fito a 1936. Masu sha'awarta suna ƙirga fallayen alminiyam da aka harhaɗa a goshinta: 13 na nuna ta girmi 1958, lokacin da aka rage su zuwa 7. Shi wannan Byam, a 1959 ya zama madugu na gaske, ya ja ayarin tireloli 41 daga Cape Town suka nufi Alƙahira. Eriba ta Jamus, wadda Erich Bachem da Erwin Hymer suka fara a 1957, ƙarama ce mai rufin da ake ɗagawa sama. Caravelair ta Faransa kuwa ta fito ne a 1962 daga kamfanin jiragen sama na Sud-Aviation, mai jirgin Caravelle. Sanin zuriya shi ke rage maka fagen lalube daga shekara 50 zuwa biyar.

(Kiɗa)

Sai takarda. A takardar rajistar Faransa da aka fi sani da kart giriz, gurbin B shi ne ranar da aka fara yi wa abin hawa rajista, gurbin E kuma lambar shasi. A Faransa, karaban da nauyinta da kaya ya wuce kilo 500 tana da tata takardar daban da ta motar da ke jan ta. In mai sayarwa ya ce ba ta da takarda alhali girmanta ya kai, tambaya ta taso.

A nan ne ya kamata mu gane cewa abin hawa shekaru uku gare shi. Akwai shekarar da aka ƙera shi, akwai shekarar ƙira da kamfani ya laƙaba masa, wadda takan riga kalanda da 'yan watanni, akwai kuma shekarar da aka fara yi masa rajista. Tirela za ta iya fita daga kamfani a ƙarshen 1988, a kira ta ƙirar 1989, ta kwana a shagon dila sai 1990 aka saye ta. Bambancin shekara ɗaya ko biyu ba ƙarya ba ne. Bambancin shekara goma kuwa, akwai lauje cikin naɗi.

Me ya sa duk wannan wahala? Saboda shekara kuɗi ce. Jami'an duwan a nan, da kwastan a ƙetaren iyaka, da ita suke lissafi. A ranar 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, tana da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, kuma a 2022 kwastan ɗinta suka fara kimanta haraji ta lambar shasi. Duk inda lamba ta zama kuɗi, za a sami mai son gyara ta. Don haka ka shafa wurin da yatsa. In ƙarfen ya yi santsi ko ya lotsa kamar an gurza, in ga tabon walda kewaye da lambar, in haruffan ba su hau layi ɗaya ba, in ƙusoshin farantin suna ƙyalli alhali duk kewayensu tsatsa ne, to an taɓa. Sayen irin wannan cinikin biri a sama ne, kuma lambobin motocin sata suna cikin rumbun 'yan sandan duniya na Interpol. Ranar da aka kama, dillali ya daɗe da shan shayinsa, kai ne za ka yi bayani.

Kada kuma a ce tsufa aibi ne. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a Turai da Amurka akwai masu biyan tsohuwar Eriba ko Airstream kuɗi mai kauri, daidai saboda tsufanta. Abin da ke cin tafi-da-gidanka a Kwatano shi ne laima da iskar gishiri ta teku. Yawancinsu katako ne a ƙarƙashin fallen waje. Ka taka kowace kusurwa, ka danna bango ƙarƙashin taga, ka shaƙi warin cikin kabad. Wadda aka ƙera a 1975 ta kwana a inuwa ta fi ta 2005 da ruwa ya shige ta.

(Kiɗa)

Masu sauraro, in Allah ya kai ku Sekandji, ko aka kawo muku tayi har ƙofar shago a nan Zango, ku saurari dillali da ladabi, domin shi ma abincinsa yake nema. Amma kafin hannu ya shiga aljihu, gwiwa ta taɓa ƙasa. Shasi, taya, firij, taga, takarda: in bakinsu ya zo ɗaya, a yi albarka. In suka saɓa, ka bar ragon da mai shi.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)