Daga Rarrafe Zuwa Gudu: Renon Yaro Ɗan Shekara 1 Zuwa 3

'Yan'uwa, a ziyarar da muke kaiwa ƙauyuka, iyaye mata sukan tambaye mu ko lafiya, don ɗan maƙwabciya ya fara tafiya amma nasu yana nan yana rarrafe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana abin da za a sa ido a kai, da lokacin da ya kamata a tafi asibiti.

Tafiya

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan yara 816 a ƙasashe biyar, har da Ghana. An gano cewa lafiyayyen yaro zai iya fara tafiya shi kaɗai tun yana wata 8, wani kuma sai ya kusa wata 18. Waɗansu ma ba sa rarrafe ko kaɗan. Saboda haka kada mu gwada yaronmu da na wani. Amma idan ya cika wata 18 bai taka ba, ko kuwa ya daina yin abin da ya riga ya iya, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Magana

Wajen shekara 1 yaro yakan fara cewa "mama" ko "baba". Kafin ya cika shekara 2 yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "sha ruwa". Daga bakinmu yake koya. Uwa tana daka ko tana tsince wake, sai ta riƙa gaya masa sunan abin da ke hannunta. Uba ya dawo daga gona, ya ɗauke shi, ya amsa gwarancinsa. Wayar hannu ba za ta yi wannan aikin ba. Yaron da ke jin Hausa da yaren gida tare zai iya koyon duka biyun, ba abin da zai same shi. Idan ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ko kunnensa yana zubar da ruwa, a duba jinsa da wuri.

Abinci da yaye

A nan ne yara da yawa suke fara ramewa. Cikin yaro ƙarami ne, tsararon kunu kuwa yana cika ciki ba tare da ya gina jiki ba. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. A dama kunu da kauri, a sa garin gyaɗa ko waken soya da aka soya, da cokali ɗaya na manja. A ba shi wake, kabewa, ganyen zogale, kifi, gwanda da mangwaro a lokacinsu. Ƙwai ba ya mai da yaro ɓarawo, yana gina shi ne.

A zuba masa a kwanonsa, wani babba ya zauna kusa da shi. In aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share.

A ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye, don a shekara ta biyu nono yana ba shi wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da yake bukata. Ko uwa ta sami wani ciki, nononta bai lalace ba. In lokacin yaye ya yi, a rage a hankali cikin makonni. Kai yaro gidan kaka rana ɗaya, ko shafa abu mai ɗaci a nono, yakan sa ya ƙi abinci daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Haƙori da gudawa

Kafin ya cika shekara 3 yaro yakan fitar da haƙora 20. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ita ke kawo gudawa ko zazzaɓi mai zafi ba. Abin da ke faruwa shi ne, a wannan lokacin duk abin da ya tsinta a ƙasa sai ya kai baki. Kada mu zauna muna cewa haƙori ne. A ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In akwai zazzaɓi, a gwada jininsa a ranar.

Kada a daina zuwa awo don yaro ya fara tafiya. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15, da bitamin A duk wata 6 har ya kai shekara 5.

Haɗari a cikin gida

Ƙafa ta riga hankali zuwa. A rufe rijiya da randa, don ko ruwan bokiti ya isa ya halaka yaro. Kada a zuba kananzir ko maganin feshi a kwalbar lemo. A kare murhu. 'Yar shekara 6 ba za ta iya tsaron ƙaninta ita kaɗai ba lokacin da kowa yake gona.

Kuka da birgima

Wajen shekara 2 yaro yakan fara cewa "a'a", ya faɗi ƙasa yana birgima. Ba taurin kai ba ne, yana son abu ne amma bakinsa bai kai ba. Yunwa da gajiya suna ƙara abin, domin ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14, har da na rana. Duka yana koya masa tsoro kawai. A ɗauke shi daga wurin, a jira ya huce, sannan a gaya masa abin da ake so a gajerun kalmomi.

Don tattaunawa a zumuntar mata da ta maza

1. Yaya ake yaye a garinmu, kuma me yakan sami yaro bayan haka?
2. Wane abinci muke nomawa da muke sayarwa amma ba ma ba yaranmu?
3. A lokacin damina, wa ke lura da ƙananan yara, kuma ta yaya za mu taimaki juna?