Launi Ɗaya, Suna Barkatai A Bakin Faransawa

Duk ɗan kasuwar da ke sayo atamfa ko shadda daga Kwatano ko Yamai, ya kamata ya san wannan magana tun kafin ya aika da kuɗinsa. Launin nan da ke tsakanin ja da shuɗi, wanda mu kan kira shunayya, Ingilishi na ce masa purple. To, Faransawa ma suna da kalma mai kama da ita, watau pourpre, amma fa ba ma'anarsu ɗaya ba. Wanda ya nemi pourpre, ja ne mai duhu za a miƙo masa. In shunayya yake so, sai ya ce violet, sunan da aka samo daga wani ɗan fure.

Asalin pourpre kuwa rini ne da mutanen birnin Sur, a ƙasar Labanan ta yanzu, ke tatsowa daga dodon koɗin teku tun zamanin da. Cikin 1909 wani masani mai suna Paul Friedländer ya gwada, ya tara dodon koɗi 12,000, amma abin da ya samu bai kai giram 2 ba. Saboda wannan tsada ne rinin ya zama na sarakunan Rum. Har gobe Faransawa kan ce pourpre in suna nufin sarauta, ko kuwa muƙamin Kadinal na Cocin Katolika, alhali kuwa rigar Kadinal ja ce wur.

Akwai kuma mauve, watau shunayya mai haske. Shi ma sunan fure ne, amma rini ne ya yaɗa shi duniya. Cikin 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, mai shekara 18, yana neman haɗa kwinin na maganin zazzaɓi daga kwalta, sai rini ya fito masa. Ba a daɗe ba matan Faris da Landan suka yi ca a kansa.

Har ila yau ga lilas wanda ya fi mauve fari-fari, ga aubergine mai duhu ƙwarai, ga bordeaux wanda ya koma ja kamar giyar inabin garin da ke da sunan.

Su kansu Faransawa kan yi gardama kan inda mauve ya tsaya, violet ya fara. Saboda haka, mai saye, kada ka dogara da suna kaɗai. Yanki ƙyalle ka haɗa da wasiƙarka.