Busta ko Eriya: Wanne Ya Fi Kai Ƙaramin Jirgi Nesa a Sararin Sakkwato?

Yaran da suka tashi suna haɗa mota da jirgi da karan dawa, yau wasunsu sun girma suna yanka farin soson da ake naɗo firji da talabijin a ciki, su fere shi ya zama fiffike, su ɗaura masa ƙaramin inji da farfela da batir, su tashe shi sama da rimot. Duk wanda ya kai wannan mataki a Sakkwato, damuwa ɗaya ke biyo bayan murnarsa. Jirgin ya yi nisa kaɗan, sai ya daina jin umarni, ya karkata, ya nufo ƙasa, aikin watanni ya wargaje a gonar wani. Daga nan masu wannan sha'awa kan rabu gida biyu. Wasu su ce a sayo busta a ƙara wa rimot ƙarfi. Wasu su ce a bar ƙarfin yadda yake, a gyara eriya da wurin da aka ajiye risibar cikin jirgi, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ya dace a auna su kafin matashi ya kashe kuɗin da ya sha wahalar tarawa.

Sai an san abin da ke tsakanin hannu da jirgi kafin a yi hukunci. Sarrafa na'ura daga nesa da rediyo ya daɗe, domin tun 1898 Nikola Tesla ya nuna ƙaramin kwalekwalen da yake juyawa ba tare da waya ba a birnin New York. Shekaru da yawa masu ƙananan jirage suna aiki da megahaz 27 da 35 da 72, da dogayen eriyoyi irin na rediyon gida. A wajen 2005 kamfanin Spektrum ya fito da rimot na jirage mai aiki a kan gigahaz 2.4, kuma yau kusan duk rimot da ke shigowa kasuwanninmu, irin su FlySky FS-i6, a nan yake aiki, da ƙarfin da bai wuce miliwat 100 ba. Ma'abota sauraren rediyo sun san tashoshin da ake kamawa a kan mita 49 ko mita 31. To, igiyar gigahaz 2.4 tsawonta santimita 12.5 ne kacal. Gajartar nan ce ta sa eriyarta ta zama 'yar ƙarama, kuma ita ce ta sa bango da bishiya da jikin mutum ke tare ta cikin sauƙi.

Hujjar masu busta a fili take. Ana sayensa, a jona shi tsakanin rimot da eriya, a ba shi batir, shi ke nan. Ba ya buƙatar ilimi mai zurfi, kuma yana taimakawa inda iska ta cika da hayaniyar wasu na'urori, domin gigahaz 2.4 ɗin nan a kanta Wi-Fi da Bluetooth suke tafiya. Wanda ke tashin jirgi kusa da unguwanni masu cunkoso kamar Mabera ko Runjin Sambo zai iya ganin bambanci.

Sai dai lissafin ba ya tafiya yadda zuciya ke so. Saƙon rediyo yana bazuwa ne ta kowane ɓangare, don haka ninka nisa sau biyu yana buƙatar ninka ƙarfi sau huɗu. Daga miliwat 100 sai an kai 400 kafin nisa ya ninka, sai an kai 1,600 kafin ya ninka sau huɗu. Bustan da aka rubuta wa wat 2, wato ninki ashirin na ƙarfin rimot, abin da zai bayar bai kai ninki biyar na nisa ba, shi ma a sarari fetal inda babu abin da ya gitta. Kuma yawancin wutar da busta ke sha zafi take komawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, na'urar da ke gasa kanta a hannu tana iya raunana ko ta mutu jirgi yana sama, batirin da ke ciyar da ita kuma ya kumbura. Akwai wata illar. Busta yana ƙara muryar mai tuƙi, amma saƙon da jirgi ke maidowa, wanda ke faɗin saura nawa batir da ƙarfin sabis, daga ƙaramar risiba yake fitowa da ƙarfinsa na asali. Sannan duk wanda ya cika iska da wat 2 ya shiga haƙƙin maƙwabcinsa, ko mai wani jirgin ne ko mai intanet a shago.

Hanyar eriya kuwa tana farawa ne da abubuwan da ba sa cin ko sisi. Eriyar rimot ta gefenta take watsa saƙo, tsininta ne wuri mafi rauni. Da yawa kan nuna jirgi da tsinin eriya, alhali kamata ya yi gefenta ya fuskance shi. A cikin jirgi kuma, ɗan siririn ƙarshen wayar risiba da aka fere, mai tsawon kimanin milimita 31, shi ne eriyar gaba ɗaya. Idan ya lanƙwashe, ko ya gutsure, ko aka binne shi a bayan batir, ko aka manna shi da ƙarfe ko sandar kabon, an kashe rabin nisa tun jirgi bai tashi ba. Risibar da ke da eriya biyu ana so a ware su, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, domin idan jirgi ya karkata wajen juyawa, ɗaya ta kama abin da ɗaya ta rasa. A nisanta su da inji da wayoyin da ke ɗauke da wuta mai yawa. Shi ma mai tuƙi, tsayuwa a kan tudu maimakon cikin kwari tana ƙara masa nisa, musamman idan jirgi ya yi ƙasa-ƙasa.

Mataki na gaba shi ne eriya mai fuskantar gefe ɗaya. Bambancinta da ta asali kamar bambancin fitilar ƙwai ne da tocila: ɗaya ta raba haskenta ko'ina, ɗaya ta tattara shi gaba ya kai nesa. Irin eriyar talabijin mai haƙarƙari da ke kan rufin gidaje, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926, tana da 'yar'uwa ƙarama ta gigahaz 2.4, akwai kuma mai faɗi kamar faranti. Matsakaiciya daga cikinsu tana iya ninka nisa sau biyu ba tare da ƙarin batir ko zafi ba, kuma ribarta biyu ce, domin kamar yadda take tattara saƙon da ke fita, haka take tattara wanda ke dawowa. Ita ma tana da aibinta. Jirgin da ya bi ta saman kai ko ya zagaya baya ya fita daga fuskarta, don haka mai koyo da bai iya riƙe jirgi a gabansa ba zai iya cutuwa da ita. Tana kuma neman haƙuri da gwaji, abin da busta ba ya nema.

A wannan ɓangaren ne kuma aka fi samun ci gaba a 'yan shekarun nan, ta hanyar kaifafa kunnen risiba. Tsarin ExpressLRS, wanda manhajarsa kyauta ce ga kowa, yana amfani da fasahar LoRa da ke iya tsinto saƙo mai rauni ƙwarai daga cikin hayaniya. Idan aka rage yawan saƙon da rimot ke aikawa daga 500 zuwa 50 a daƙiƙa, nisan yana ninkuwa kusan sau uku da ƙarfi iri ɗaya. Jirgi mai fiffike da ke shawagi a hankali ba ya buƙatar saƙo 500 a daƙiƙa, don haka wannan riba ce da ba a biya ta da komai ba.

Yanayin Sakkwato ma ya fi goyon bayan masu eriya. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma da an fita bayan gari, wajen fadamar Rima ko filayen da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, babu dogayen gine-gine kuma hayaniyar Wi-Fi ta ragu. Babban abin da ke tare saƙo shi ne ganyen dogon yaro da mangwaro, musamman da damina, domin ruwan da ke cikin ganye yana shanye wannan igiya. Jirgin da ya faɗa bayan kurmin bishiyoyi ko wat nawa aka bi shi da shi yana cikin haɗari, maganinsa shi ne zaɓen fili mai kyau.

Akwai tarkon da ya kamata a yi hattara da shi. Na'urorin dogon zango irin su Crossfire suna aiki a kan megahaz 868 ko 915, kuma gaskiya ne igiya mai tsawo ta fi ratsa ganye da kaiwa nesa. Amma 915 an tsara ta ne don Amurka. A Najeriya, wayoyin salula suna aika saƙonsu zuwa turakun sabis a tsakanin megahaz 890 da 915. Wanda ya kunna irin wannan na'ura a kan saitin Amurka ya shiga gonar kamfanonin waya, kuma wayoyin da ke kewaye da shi za su iya toshe kunnen jirginsa. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da iko a kan wannan, kuma ita ya kamata a tuntuɓa kafin a yi odar kaya.

Bayan duk wannan, akwai iyakar da busta da eriya ba sa ɗagawa, wato ido da doka. Jirgin da faɗin fiffikensa mita ɗaya ne, da ya yi 'yan ɗaruruwan mitoci ya zama ɗigo, ba a gane ko tahowa yake ko tafiya. Da hunturu, hazo kan ɓoye shi tun rediyo bai gaza ba. Tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta bayyana cewa tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce kada a wuce mita 120 a sama, kada kuma jirgi ya ɓace wa idon mai shi. Sakkwato tana da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a kudancin gari, tana da barikin Giginya, kuma halin tsaron da yankin ke ciki ya sa duk abin da aka gani yana shawagi ana masa kallon tuhuma. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma mai jirgi ne zai amsa tambaya a kan inda ya faɗa.

Hukuncina shi ne eriya ta fi. Ta fi araha, ba ta zafi, tana aiki gaba da baya, ba ta damun maƙwabci, kuma tana koya wa matashi ilimin rediyo da zai amfane shi ko ya bar wasan jirgi. Amfanin ƙarin nisa shi ne a samu rata ta aminci, ta yadda jirgin da ke tashi a nisan mita 300 yana da igiyar da za ta riƙe shi ko da ya ninka haka. Don haka, ya kai mai ƙera jirgi, kafin ka nemi busta, duba eriyarka, ka gwada nisan rimot a ƙasa kafin kowane tashi, ka saita jirgin ya kashe inji da kansa idan sabis ya yanke, ka nisanci filin jirgi da bariki da taron jama'a, sannan ka nemi izinin hukuma.